DARASI: YADDA AKE SHIRYA MANIYYIN NAMIJIN TARWADA KAFIN HAƊA SHI DA ƘWAI

Yau darasinmu a kan namiji ne. Kowa hankalinsa na kan mace, allurar Ovaprim, rabin mil ga kowane kilo, a jira awa 8 zuwa 11 gwargwadon ɗumin ruwa, a tatsa. Amma sau da yawa inda ake faɗuwa shi ne wajen namiji.

Bara wani abokina a Kusada ya kira ni in taya shi ƙyanƙyasa. Mace biyu, ƙwai masu kyau. Da na ciro marainan namijin sai na ga jini, na ɗauraye su da ruwan rijiya, na yanka a cikin kwano mai danshi, sannan muka tsaya tatsar macen. Da gari ya waye kusan duk ƙwan ya yi fari fat. Kuɗin allura, kuɗin iyaye, da masu jiran 'ya'yan kifi a Kankiya, duk suka tafi. Laifina ne, ba na kifin ba.

Ga abin da ya faru. Ƙwayoyin maniyyin tarwada ba sa motsi a cikin jikinsa. Ruwa ne ke tada su, kuma da zarar sun tashi, ƙarfinsu bai wuce minti ɗaya zuwa biyu ba. Ni na tada su tun ƙwan bai iso ba, suka ƙare gudunsu a banza.

A asibiti ma, in maniyyin mutum ba ya motsi sosai, ba a amfani da shi haka nan. Ana wanke shi, a zuba wani ruwa na musamman a samansa, masu ƙarfi su yi iyo su hau, a kwashe su kaɗai. Mu ba mu da waɗannan kayan, amma darasin ɗaya ne: ka shirya, ka gwada, sannan ka haɗa.

1. ZAƁEN NAMIJI. Ya kai shekara ɗaya aƙalla, nauyinsa wajen kilo ɗaya, tsinin al'aurarsa dogo mai ɗan ja a baki. Ka tanadi biyu. Ba a tatsar namijin tarwada, sai an fede shi, sai a lokacin za ka san abin da ke ciki.

2. DUBA MARAINA. Mai kyau fari ne kamar madara, a cike. In ka gan shi siriri, ruwa-ruwa, ajiye shi ka buɗe na biyu.

3. BUSHEWA. Hannu, reza, kwano da cokali duk a bushe. Jini kuma da tishu ake goge shi, ba da ruwa ba.

4. RUWAN GISHIRI. Sayi na ƙarin ruwa a kemis, mai kashi 0.9, ka tabbata ba mai suga ba ne. In babu, gishiri giram 9 a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. Ka tsattsaga marainan, ka matse a cikin ɗan wannan ruwa. A cikinsa ƙwayoyin na nan da rai amma ba su fara gudu ba.

5. GWAJI. In kana da wanda ka sani a ɗakin gwaji, ɗiga ɗaya a gilashi, ɗigon ruwa a kai, a duba a madubin likita nan take. Mai kyau za ka ga yana tururuwa. In tsiraru ke motsi, haɗa da na namiji na biyu.

6. HAƊAWA. Tatsi ƙwai a busasshen kwano, zuba maniyyin, juya a hankali. Sai yanzu za ka ƙara ruwa mai tsabta, ka juya kamar minti ɗaya, ka shimfiɗa a raga kafin ƙwan ya manne.

Kada ka yi amfani da ruwan famfo mai kulorin. Kuma ka ajiye maniyyin a inuwa mai sanyi, zafin Katsina ba ya raga masa.

Wanda ya taɓa samun farin ƙwai, ya faɗa mana yadda ya yi, mu duba tare. Allah Ya sa albarka a neman.