Jiƙo da Daka: Nazari a Kan Bagaruwa da Tafarnuwa

1.0 Gabatarwa

Duk mai nazarin maganin gargajiya na Hausawa zai ci karo da kalmomi irin su jiƙo, tsimi, dafawa da daka. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa waɗannan kalmomi suna ɗauke da ilimi, domin hanyar da aka bi aka sarrafa tsiro ita ke tabbatar da ko sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta zai fito ko zai lalace. Za mu ɗauki bagaruwa da tafarnuwa su zame mana misali.

2.0 Yadda Ake Gwaji

Masana kimiyya sukan zuba wani abinci mai kama da daskararren romo a farantin gilashi, su shuka ƙwayoyin bakteriya a kansa. Daga nan sai su tsoma 'yar guntuwar takarda a ruwan tsiron, su ɗora a kai, su ajiye a wuri mai ɗumin jikin ɗan'adam, wato digiri 37, har awa 18 zuwa 24. In tsiron yana da ƙarfi, za a ga fili kewaye da takardar inda ƙwayoyin suka kasa yaɗuwa, sai a auna faɗinsa da milimita. Galibi ƙwayar Staphylococcus aureus mai kawo maruru ta fi saurin miƙa wuya bisa ga Escherichia coli wadda wasu ire-irenta ke sa gudawa, saboda ita ta biyun tana da ƙarin fata mai kare ta.

3.0 Bagaruwa

'Ya'yan bagaruwa cike suke da sinadarin tanin, wanda shi ke jawo baurinsu. Aikin tanin shi ne kama furotin ya ɗaure shi. Wannan ne ya sa majema suke jima da bagaruwa tun kaka da kakanni, don fatar da ta sha ta ba ta ruɓewa. Haka kuma yake kama furotin na jikin bakteriya ya hana ta walwala. Tanin yana narkewa a ruwa, kuma yana jure zafi, saboda haka jiƙo da dafawa duk suna fitar da shi. Sai dai in ya yi yawa a ciki, yakan hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci.

4.0 Tafarnuwa

Ita kuwa tafarnuwa sha'aninta daban ne. A shekarar 1944 Chester Cavallito da John Bailey suka ware sinadarin alisin daga cikinta a Amurka, suka nuna yana hana bakteriya yaɗuwa. Abin lura shi ne, babu alisin a cikin ƙwayar tafarnuwa da ba a taɓa ba. Akwai sinadarai biyu da ke zaune a rabe, sai an daka ta ko an tauna suke haɗuwa su haifar da shi, sa'annan warinta ya tashi. Wuta kuwa tana lalata ɗaya daga cikinsu, kuma shi kansa alisin ba ya jure zafi. Ke nan dafawar da ke fitar da amfanin bagaruwa ita ce ke rage na tafarnuwa. Kowane allazi da nasa amanu.

5.0 Kammalawa

Filin da aka gani a faranti shaida ce ta farko kawai. Kafin a kira tsiro magani, dole a san adadin da zai yi aiki a jikin majiyyaci ba tare da ya cutar da hanta ko ƙoda ba. Nauyin da ke kan ɗalibin Hausa shi ne, idan ya je ɗaukar bayani wurin masu magani, kada ya tsaya ga sunan itace kurum. Ya rubuta sashen da ake ɗiba, ko saiwa ko sassaƙe ko ganye, da ainihin kalmar sarrafawa yadda aka faɗe ta, domin a kanta mai gwaji zai kafa aikinsa.