Goyon Yaro a Bayan Keke: A Fara Tsare Ƙafarsa

Duk wanda ya bi hanyar Jiratawa zuwa Maraɗi da sassafe ya san irin hidimar da keke yake yi wa talaka. Tun da aka buɗe filin noman rani na Jiratawa a farkon shekarun 1980, fili mai fiye da hekta 500 da hukumar ONAHA take sa wa ido, a kan kariyar keke ake ɗaure buhun zogale da albasa da tumatir a nufi kasuwa. Kabu-kabu ya zo ya rage wa keke aiki, amma bai kore shi ba. To a kan wannan kariya ɗin dai magidanci yake aza ɗansa in zai kai shi makaranta, ko asibiti don allurar rigakafi, ko gidan kakanninsa a Tibiri. Sai ya naɗe tsohon zane ya shimfiɗa, ya ɗora yaro, ya ce, "Riƙe rigata da kyau, kada ka yi barci." Shi ke nan, a taka feda.

Jama'a, yaro ba buhun zogale ba ne. Buhu ba shi da ƙafar da zai lilo da ita, ba ya gyangyaɗi, ba ya juyawa don ya kalli raƙumi.

Mutane sun fi jin tsoron faɗuwa, alhali sau da yawa rauni a irin wannan goyo daga tayar baya yake fitowa. Ƙafar yaro tana reto dab da wayoyin taya. Da keke ya faɗa rami, ko yaro ya gaji ya saki jiki, sai diddige ya shige tsakanin wayoyin da ƙarfen da ke riƙe da taya. Uba yakan ji keke ya yi nauyi, ya ƙara taka feda kafin ihun ya iso kunnensa. Cikin wannan ɗan lokaci fatar diddige ta saluɓe, idon sawu ya murɗe, wani sa'in ƙashin ƙauri ya tsage. Takalmin roba, musamman silifa, ba ya tsare komai, shi ne ma yake fara shiga ya ja ƙafar. Saboda haka ko an kafa wa yaro kujera a keke, in ba ta da matakin ƙafa da shinge tsakanin ƙafa da taya, ko ta kai ta sarki kyau, aikinta bai cika ba.

Kafin a je ga kujera, a dubi yaron kansa. Wanda wuyansa bai yi ƙwari ba, wanda bai iya zama shi kaɗai ba tare da an tallafe shi ba, ba a ɗora shi a keke. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a jira ya cika shekara 1. Ƙa'idar da ƙasashen Turai suka kafa wa irin waɗannan kujeru, mai lamba EN 14344, ta ƙayyade nauyin yaro daga kilo 9 zuwa kilo 22, wato har wajen shekara 5 ko 6. Uwa ta san nauyin ɗanta, yana rubuce a katin awo.

Sai keken. A kama kariya a jijjiga ta hagu da dama. In tana motsi, ko akwai tsatsa a inda ƙafafunta suka haɗu da gindin taya, ko wani noti ya ɓace an maye gurbinsa da waya, a gyara tukuna. Kariyar kamfani takan zo da lamba a jikinta, kamar kilo 25, iyakar abin da za ta ɗauka ke nan, kuma a lissafa har da nauyin kujerar. Birkin gaba da na baya duka su kama. Da yawa daga kekunanmu birki ɗaya gare su, wani ma da tafin takalmi ake tsayar da shi. Mai irin wannan keke ya yi wa Allah ya bar yaro a gida.

Kujerar kamfani iri biyu ce. Akwai wadda ake kafawa a kan kariya, akwai mai sandunan ƙarfe biyu da suke shiga cikin wani maɗauri da ake ɗaure wa bututun da ke ƙarƙashin sirdi. Wanda ya dace da ɗaya daga cikinsu a kayan gwanjo ya duba ko robar ta tsage, ko rana ta cinye ta har ta yi fari, ya kuma tabbata maɗaurin da belinta suna nan. Amma gaskiya yawancinmu wurin mai walda za mu, kuma ba laifi, muddin an gaya masa abin da ake so. Kada a ce masa kawai, "Malam, yi mini ƴar kujera." A ce ya yi majingina mai tsawo da za ta kai kan yaro, don in barci ya kwashe shi kansa ya sami wurin kwanciya. A ce ya tada gefe biyu. A ce ya saukar da matakin ƙafa kowane ɓangare, ya rufe tsakanin matakin da taya da falle na ƙarfe ko roba mai kauri, faɗinsa ya wuce duk inda ƙafa za ta iya kaiwa gaba da baya. Ya goge bakin ƙarfen sumul. Baduku ko tela kuma ya ɗinka ɗamara mai bi ta kafaɗu da tsakanin cinyoyi, da ƴar igiyar fata a kowane mataki don ɗaure ƙafa.

Wurin kafawa, da noti huɗu za a ɗaure kujera a kariya, da faranti na ƙarfe a ƙasa yana matse ta. Igiyar tiyub da muke ɗaure kaya da ita ba ta wannan aiki, rana tana cinye ta, ranar da za ta tsinke kuwa ba ta sallama. Kujerar ta zauna daidai saman gindin tayar baya, ko ta ɗan matso gaba. In ta zarce baya da yawa, gaban keke zai riƙa ɗagawa, kan keke ya yi sakwa-sakwa a hannu, a rairayi irin na bakin Gulbin Maraɗi kuwa nan da nan sai ƙasa. Mahayi ya hau ya juya feda ya ga diddigensa ba ya dukan matakin yaro. Akwai kuma abin da kusan kowa yake mantawa, wato sifirin da ke ƙarƙashin sirdin manyan kekuna. Yana buɗewa yana rufewa duk sa'ad da aka hau gargada, ga shi daidai inda yaro yake son cusa yatsa. A naɗe shi da fata ko tsohuwar tiyub.

Ranar farko a ɗaure buhun gero mai nauyin yaron a zaga unguwa da shi, a gwada birki, a gwada kwana. Bayan mako guda a sake bin notuna da sifana, domin gargadar hanya tana kwance su. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi yake haura digiri 40, a taɓa ƙarfen da hannu kafin a zaunar da yaro. In da hali a saya masa hular kwano daidai kansa. Kuma kada a jingine keke a bango da yaro a kai, wai a shiga a fito yanzu. Mai doguwar riga ya tattare ta, kowane mahayi kuma ya tuna cewa ɗaga ƙafa ta baya wurin hawa ko sauka, kamar yadda ya saba, shurin fuskar ɗansa ne.

In tsautsayi ya riga ya auku, ƙafa ta shiga taya, kada a ja ta da ƙarfi. A juya tayar ta koma baya sannu har ƙafar ta fita. A wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da ƙyalle mai tsabta, kada a zuba toka, ko ƙasa, ko baƙin mai. Irin wannan rauni yana da yaudara: ranar farko sai a ga ƴar ƙujewa ce, bayan kwana biyu ko uku fatar da aka matse ta yi baƙi ta mutu. Don haka a kai yaro asibiti a ranar, a tafi da katin rigakafinsa don a duba allurar tetanus. In ya ƙi taka ƙafar, ko ta kumbura, a nemi a ɗauki hoton ƙashi a Maraɗi kafin a kai shi wurin maɗori.