Wasiƙa Ga Ɗaliban Sakandare Kan Neman Wurin Koyon Aiki Ta Hannun Mutane

Zaman koyon aiki shi ne ɗalibi ya yi 'yan makonni ko watanni a inda ake gudanar da wata sana'a, ofis ne ko gareji, asibiti ne ko gona, yana kallo, ana sa shi ƙananan ayyuka, har ya gane yadda aikin yake a zahiri. A Najeriya ɗaliban jami'o'i da manyan kwalejoji suna da tsari na hukuma mai suna SIWES, wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973. Makarantarsu ce ke ba su takarda, malamai kuma su bi su su duba. Ɗalibin sakandare ba shi da irin wannan gata. Manhajar babbar sakandare da aka fara aiki da ita a 2011 ta wajabta wa kowane ɗalibi a wancan lokaci ɗaukar darasin sana'a ɗaya daga cikin fiye da 30, amma makarantu da yawa ba su da kayan aiki, sai a ga ana koyar da haɗa wutar lantarki da alli a kan allo. Wanda yake so hannunsa ya taɓa aiki tun yana sakandare, shi zai nemar wa kansa wuri, kuma kusan kullum ta hannun mutane ake samu.

Lokacin da ya dace guda biyu ne. Akwai dogon hutun ƙarshen shekara, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Akwai kuma zaman jiran da ke biyo bayan jarrabawar WAEC da NECO, wanda kan kai watanni kafin a samu gurbin karatu, wani lokaci ma ya haura shekara. Wannan na biyun shi ya fi salwanta a banza, a majalisa da latsa waya, alhali shi ne mafi tsawo.

Kafin ɗalibi ya fara nema, ya kamata ya fahimci abin da ke ran mai wurin aiki. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano yana riƙe da wayoyin mutane, da hotunansu da sirrinsu a ciki. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana da dilolin atamfa da shadda na miliyoyin naira, wasu ma bashi ya ɗauko. Lauya yana da takardun shari'ar da in suka fita waje mutuncinsa ya zube. Idan yaro ɗan shekara 16 ya zo wa ɗayansu da kansa, ba mai tambayarsa sakamakon jarrabawa. Abin da za a tambaya shi ne, “Ɗan gidan wa ne? Wa ya turo ka? Wa zai tsaya maka?” Mai wurin ba ƙiyayya yake yi ba. Yana neman wanda zai riƙe ne idan abu ya ɓace ko ya lalace.

Wannan tsari tsoho ne a ƙasar Hausa. Masani Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan ya kuma wallafa bincikensa a 1969, ya nuna yadda cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya dogara ga masu gida da dillalai da yaransu. Ana ba da dukiya mai yawa bashi ba tare da takardar kotu ba, saboda akwai wanda aka sani da ya tsaya. Yaron da ya shiga wannan harka ta hannun wani yake shiga, amanarsa kuma ita ke ɗaga shi. Haka abin yake har yau a Panteka ta Kaduna, inda ake ƙira da walda da kafinta, da rumfunan masu takalma a Ƙofar Wambai, da kasuwar hatsi ta Dawanau. Ofisoshi da kamfanoni na zamani sun ƙara takarda da hatimi, amma tambayar ba ta sauya ba.

Wasu matasa suna ƙyamar wannan hanya, suna ganin alfarma ce, irin wadda ake cewa sai mai uwa a gindin murhu. Ƙyamar tana da dalili, domin kowa ya ga an ture wanda ya cancanta an ba ɗan wane. Sai dai abin da ɗalibin sakandare yake nema ba kujerar wani ba ce, ba kuma albashi ba ne. Izini yake nema ya tsaya a gefe ya koya. Wanda ya gabatar da shi bai danne haƙƙin kowa ba, sunansa kawai ya ba da aro. Inda laifi yake shi ne a nemi a tsallake jarrabawa ko ƙa'idar da aka gindaya wa kowa, kuma wannan bai kamata ɗalibi ya roƙa ba ko da yana da wanda zai yi masa.

Matakin farko ana yin sa ne a gida da takarda da biro. Ɗalibi ya fara tsayar da abin da yake so ya gani, fanni ɗaya ko biyu, domin wanda ya ce “kowane aiki ma” ya ɗora wa wanda ya roƙa nauyin yi masa tunani, kuma yawanci a nan maganar take mutuwa. Daga nan ya rubuta sunan duk babban da ya san shi da irin aikinsa: baffanni da kawunnai, gwaggwanni da mazajensu, yayyen abokai, maƙwabta, malamin Islamiyya, limamin unguwa, mai unguwa, mai kemis ɗin bakin layi, direban da ke kai kaya Sharaɗa ko Challawa. Yaron da yake zaton ba shi da kowa yakan yi mamakin tsawon takardar. Ɗan ƙauye ma ba a bar shi a baya ba: akwai malamin gona, da likitan dabbobi, da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, da mai haɗa sola, da mai injin casar shinkafa, da sakatariyar ƙaramar hukuma.

Malaman makaranta sun cancanci a ware su daban. Malamin da ya shekara goma yana koyar da kimiyya yana da tsofaffin ɗalibai a asibitoci da bankuna da kamfanonin gine-gine, kuma da wuya tsohon ɗalibi ya ƙi amsa kiran malaminsa. Shi ne kuma mutumin da zai iya ba da shaidar ƙwazon yaro ba tare da an ce son kai ne ba, abin da uba ba zai iya ba. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ma haka suke. Na Kwalejin Barewa da Kwalejin Rumfa da makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu sanannu ne, amma ƙananan makarantu ma suna da nasu. Ranar rabon kyaututtuka da ranar da suka zo duba makaranta dama ce ta gaisawa da gabatar da kai.

Akwai wani abu da bincike ya gano wanda ya kamata ɗalibi ya riƙe. A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya wallafa sakamakon tambayoyin da ya yi wa ma'aikata a garin Newton, kusa da Boston a Amurka. Cikin waɗanda suka samu aiki ta hannun wani, kusan kashi 17 cikin 100 ne kawai suka ce suna yawan ganin mutumin. Sauran jifa-jifa suke haɗuwa da shi, ko ma da ƙyar. Dalilin a fili yake. Na kusa da mutum abin da ya sani su ma shi suka sani, na nesa kuwa yana yawo cikin wasu mutane daban, yana jin labarin da ba ya isowa gida. Binciken a kan manya aka yi shi, a wata ƙasa, amma darasinsa ya shafi ɗalibi a nan. Wataƙila kawunsa ba injiniya ba ne, amma abokin kawun injiniya ne. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce, “Kawu, ko akwai wanda ka sani a wannan fanni da zan je in gaishe shi?”

Yadda ake roƙon yana da muhimmanci ƙwarai, kuma a nan ne yawancin ɗalibai suke yin tuntuɓe. Babba ba a tare shi a hanya ko a ƙofar masallaci a zube masa buƙata. Ana neman lokacinsa, a je a gaishe shi, in da hali tare da wanda ya yi hanyar ko da saƙonsa. Bayan gaisuwa ɗalibi ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, da makarantarsa da ajinsa, sannan ya faɗi abin da yake so a taƙaice: “Ranka ya daɗe, ina aji biyar ne, ina sha'awar aikin awon jini. Ina roƙon a ba ni dama in riƙa zuwa ina kallo na mako huɗu a wannan hutun, ba don a biya ni ba.” Buƙata ƙarama mai iyaka tana da sauƙin amsawa. Wanda zai yi nauyin baki a kan wata shida zai iya cewa a zo a gwada mako biyu. Idan wurin ofis ne, a tafi da takarda shafi ɗaya mai ɗauke da waɗannan bayanai, da wasiƙar shugaban makaranta, da sa hannun mahaifi ko waliyyi.

In an ce babu wuri, ɗalibi ya yi godiya, ya tambaya ko akwai wani da za a tura shi wurinsa. In an ce “za a duba,” ya bar mako guda ya sake leƙawa sau ɗaya. Kiran waya safe da yamma yana gundurar mai niyyar taimako.

Kafofin sada zumunta suna da amfani, amma a matsayin ƙari. LinkedIn ba ya karɓar wanda bai kai shekara 16 ba. A Facebook da WhatsApp ana iya bin ma'aikatan wani fanni a ga abin da suke tattaunawa, a kuma ji labarin tarurrukan bita na kyauta. Saƙon farko ga wanda ba a sani ba ya zama da sallama da cikakken bayani. “Slm” kaɗai ba ya samun amsa. Ɗalibi ya kuma tuna cewa wanda ya rubuta wa zai buɗe shafinsa ya ga abin da yake wallafawa. Duk wanda ya nemi a turo kuɗin fom kafin a ga wurin aiki da ido, a ɗauke shi ɗan damfara.

Ɗalibai mata suna da buƙatar wannan dama daidai da maza, kuma hanyarsu ta fi tafiya lafiya idan ta bi ta hannun mata: malamai, ma'aikatan jinya da ungozomomi, masu shagon ɗinki da girke-girke, lauyoyi da 'yan jarida mata, da ƙungiyoyi irin su FOMWAN, wadda aka kafa a 1985, take kuma gudanar da makarantu da asibitoci a jihohi da dama. Iyaye su je su ga wurin da idonsu, su san wadda za ta kula da 'yarsu, da lokacin tashi. Ganawa da baƙo a ɗakin otal ko gidansa ba ta cikin neman aiki, ga mace ko ga namiji. Iyayen da suke hana 'ya mace fita gaba ɗaya saboda tsoro suna da abin tsoro na gaskiya, amma maganinsa shi ne su zaɓa mata wuri da kansu.

Doka ma ta yi magana. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ce yaron da ya haura shekara 12 bai kai 16 ba, mahaifinsa ko waliyyinsa ne zai sa shi koyon sana'a, da yardar yaron, a rubuce, kuma wa'adin kada ya wuce shekara biyar. Wanda ya kai 16 yana iya ƙulla yarjejeniyar da kansa. Gajeren zaman hutu bai kai wannan nauyi ba, amma yana da kyau a yi magana a fili tun farko kan ranakun zuwa, da kuɗin mota, da abin da ba a yarda yaro ya taɓa ba. A asibiti ko kemis, ɗalibin sakandare mai kallo ne. Ba ya yin allura, ba ya ba da magani, ko da an ce ya gwada.

Idan an samu wurin, ɗalibi ya san cewa sunan mutum biyu yake ɗauke da shi, nasa da na wanda ya tsaya masa. Ya riga maigidan zuwa. Shara da aike da jera kaya suna cikin koyo, domin ta nan ake gane wanda za a iya bar wa shago. Ya riƙe ƙaramin littafi yana rubuta abin da ya gani, ya tara tambayoyinsa sai hannun maigida ya sarara. Abin da ya ji na abokan ciniki ko marasa lafiya ya tsaya a wurin, kada ya kai shi majalisa, kada ya ɗauki hoto. In ya fasa wani abu, ya faɗa da bakinsa kafin a gano. Amma idan ya ga wata guda ya wuce ba a sa shi komai ba sai sayo abinci da wankin mota, ya koma wurin wanda ya kawo shi ya yi masa bayani cikin ladabi, ba ya ɗauke ƙafa kawai ba.

Ranar gamawa ya yi sallama da kowa, har da maigadi da masinja, ya roƙi takardar shaida mai ɗauke da kwanan wata da irin ayyukan da ya yi. Ya koma ya gaya wa wanda ya yi masa hanya yadda aka ƙare, domin mutane da yawa suna daina taimako ne saboda ba su sake jin ɗuriyar waɗanda suka taimaka wa ba. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, don haka gaisuwar sallah da sanar da sakamakon jarrabawa sun isa su riƙe dangantakar. Waɗannan mutanen su ne zai koma wa idan lokacin SIWES ya zo a jami'a, su ne kuma za a tambaya game da halinsa ranar da ya fara neman aiki na albashi. Ɗalibin da yake son wuri a dogon hutu ya fara zagayen gaisuwarsa tun farkon zango na uku, kafin jarrabawa ta sha masa kai.