Jakadun Cikin Jini: Aikin Homon a Jikin Ɗan Adam da Darasin da Ke Cikin Ciwon Maƙoƙo

Gabatarwa

Masana ilmin halittu sun ƙiyasta cewa jikin baligi ya ƙunshi ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30. Kowace ƙwaya da aikinta, amma babu wadda ke cin gashin kanta. Dole ne zuciya ta san lokacin da ƙafafu ke buƙatar ƙarin jini, hanta ta san lokacin da sukari ya yi ƙasa, ƙoda kuma ta san ranar da ruwa ya yi wuya. Allah cikin hikimarsa ya tanadar wa jiki hanyoyi biyu na isar da irin wannan saƙo. Ta farko ita ce ta jijiyoyin da suka taso daga ƙwaƙwalwa da laka, waɗanda saƙonsu ke isa wuri guda tun kafin ƙiftawar ido, tamkar wayar tarho. Ta biyu ita ce ta wasu sinadarai da ake zubawa cikin jini, su zaga ko'ina, su yi aiki a hankali amma ya daɗe. Waɗannan sinadarai su ake kira homon, kuma a kansu wannan maƙala za ta yi bayani, tare da mai da hankali ga wata cuta da jama'ar ƙasar Kabi suka daɗe da sani, watau maƙoƙo.

Mene Ne Homon?

A shekarar 1902 wasu masana biyu a birnin Landan, William Bayliss da Ernest Starling, suka gano cewa idan abinci ya bar tumbi ya shiga ƙaramin hanji, hanjin yakan saki wani sinadari cikin jini wanda zai je ya tayar da wata gaɓa ta fara zubo ruwan narkar da abinci, ko da an yanke jijiyoyin da ke zuwa hanjin. A 1905 Starling ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai suna homon, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar zaburarwa.

Gaɓoɓin da ke ƙera homon ana kiransu giland. Bambancinsu da gaɓoɓin da ke fitar da yawu ko gumi shi ne ba su da bututu. Kai tsaye suke tsattsafo da abin da suka ƙera cikin jini. To, tun da jini na kai wa kowane lungu, me ya hana homon guda ya tayar da jiki duka? Mai karatu ya tuna da sanƙira idan yana shela a kasuwa: kowa na jin muryarsa, amma wanda aka ambaci sunansa shi kaɗai ke amsawa. Haka nan ƙwayar halitta ba ta amsa kiran homon sai tana ɗauke da wata makarɓa da ta dace da shi, kamar yadda mabuɗi ke dacewa da ƙwadonsa.

Manyan giland ɗin jiki su ne: fitiyutari, wanda ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, tairod, a gaban wuya, adirinal guda biyu, ɗaya a kan kowace ƙoda, fankiriyas, a bayan tumbi, sai maraina ga namiji da ma'ajin ƙwai ga mace, waɗanda ke kula da balaga da haihuwa. A saman su duka akwai wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus, wanda shi ne mahaɗar hanyar jijiyoyi da hanyar homon.

Misalai Biyu Daga Gida

Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ya ga aikin homon ƙuru-ƙuru. Dubban masunta ne ke jere, kowa da homarsa da gorarsa, suna jiran ƙarar bindiga su ruga Matan Fada. Tun kafin a buga, ƙwaƙwalwa ta riga ta aika wa adirinal ta hanyar jijiya, shi kuwa ya saki homon mai suna adirinalin. Nan take zuciya ta ƙara sauri, hanyoyin numfashi su buɗe, hanta ta zubo sukari, a rage jinin da ke zuwa hanji a karkatar da shi ga tsokar hannu da ƙafa. Da wannan ƙarfi ne mutum ke kokawa da giwan ruwa mai nauyin buhun hatsi. Bushewar baki da faɗuwar gaba da ɗalibi ke ji a ƙofar ɗakin jarrabawa duk aikin wannan sinadari ne.

Misali na biyu shi ne azumi. Sukarin da ke yawo a jinin baligi gaba ɗaya bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, watau kimanin cokalin shayi guda, ga shi kuma ƙwaƙwalwa ba ta daina cinsa dare da rana. Bayan sahur, sukari ya hau, sai fankiriyas ya saki insulin, wanda ke umartar tsoka da hanta su kwashe rarar su adana. Idan rana ta yi tsaka sukari ya soma sauka, sai fankiriyas ɗin dai ya saki wani homon, gulukagon, wanda ke sa hanta ta buɗe rumbunta. Har ila yau, a zafin bazara irin na Birnin Kebbi, inda ma'aunin zafi kan haura 40 a watan Afrilu, fitiyutari na sakin wani homon da ke gaya wa ƙoda ta riƙe ruwa. Shi ya sa fitsarin mai azumi ke raguwa ya yi duhu da la'asar. Idan insulin ya gaza, ko jiki ya daina jin kiransa, abin da ke biyo baya shi ne ciwon sukari.

Tairod da Tsarin Kai Rahoto

Darasin da ke cikin misalin azumi shi ne cewa giland ba ya zuba homon barkatai. Yana duba sakamakon aikinsa, in ya wadatar ya dakata, in ya gaza ya ƙara. Babu inda wannan ƙa'ida ta fi fitowa fili kamar a tairod.

Tairod na da siffar malam-buɗe-littafi, yana rungume da maƙogwaro, nauyinsa kuma kimanin giram 20 ne. Homon ɗin da yake ƙerawa, tairoksin, shi ke tsara saurin da kowace ƙwayar halitta ke ƙona abinci ta samar da ƙarfi da ɗumi. Idan ya yi kaɗan, mutum zai riƙa jin kasala da sanyi, fata ta bushe, ciki ya ɗaure, tunani ya yi nauyi. Idan ya yi yawa, sai rama duk da yawan ci, da gumi, da karkarwar hannu, da bugun zuciya.

Tsarin kula da shi ya yi kama da na masarauta. Haifotalamus shi ne sarki. Yana aika wa hakimi, watau fitiyutari. Hakimi ya aika wa maƙerin gari, watau tairod, da wani homon da likitoci ke taƙaita sunansa da TSH, cewa a ƙera tairoksin. Idan tairoksin ya wadata a jini, labari ya koma fada, sarki da hakimi su sassauta aike. Idan ya ragu, su tsananta.

Sai dai maƙeri ba ya ƙira sai da ƙarfe, kuma ƙarfen tairod shi ne sinadarin aidin. Kowace ƙwayar tairoksin na ɗauke da ɗigo huɗu na aidin, jiki kuwa ba ya iya ƙirƙirarsa, sai dai ya samu daga abinci. Abin da ake buƙata ɗan mitsitsi ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade maikurogiram 150 a rana ga baligi, 250 ga mai ciki da mai shayarwa. Maikurogiram guda kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Duk aidin ɗin da mutum zai buƙata tsawon shekara 70 bai cika cokalin shayi ba. Amma fa raina kama ka ga gayya.

Yadda Maƙoƙo Ke Samuwa

A ce aidin ya yi ƙaranci a abincin gari. Tairoksin zai ragu a jini. Fitiyutari ba shi da hanyar sanin dalili; abin da ya sani kawai kaya ba sa isowa, don haka sai ya yi ta ƙara TSH. Maƙerin da ake ta matsa wa lamba alhali ba shi da ƙarfe, sai ya ɗauki ƙarin yara, ya faɗaɗa maƙera, ko ya samu ya tsinci ɗan abin da ke wucewa. Haka tairod ke ƙara yawan ƙwayoyinsa da girmansu, wata da watanni, shekara da shekaru, har ya fito a wuya. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo. Ashe ke nan ba sammu ba ne. Ƙoƙarin jiki ne na cike giɓi. Ya fi kama mata, musamman lokacin balaga da goyon ciki, domin a sannan ne buƙatar ta fi yawa.

Me ya sa mu mazauna kwarin Rima ya kamata mu damu? Mafi yawan aidin ɗin duniya yana cikin teku ne. Ƙasar da ta yi nisa da teku, ko wadda ruwan sama da ambaliya ke wankewa kowace shekara, takan rasa shi, amfanin gonar da aka noma a kanta ma haka. Wani zai ce ai Kabawa ba su rasa kifi ba. Gaskiya ne, kifin gulbi abinci ne mai gina jiki, amma aidin ɗinsa bai kama ƙafar na kifin teku ba. Bugu da ƙari, wasu abincinmu na ɗauke da sinadaran da ke tare wa tairod hanya. Rogon da ba a jiƙa an sarrafa da kyau ba na daga ciki. Binciken da aka yi a yankin Darfur na Sudan a shekarun 1980 ya nuna cewa gero ma na ƙara tsananta maƙoƙo a inda aidin ya riga ya yi ƙaranci. Wannan ba kira ba ne a bar fura da tuwo. In dai aidin ya wadata, illarsu ƙalilan ce.

Ɓarnar da Ido Ba Ya Gani

Kumburin wuya shi ne abin da ake gani, amma babbar hasara tana cikin mahaifa. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba ta ginuwa daidai sai da tairoksin, shi kuwa a watanni ukun farko nasa tairod bai fara aiki ba, da na uwa kaɗai ya dogara, kuma yana ci gaba da jingina da ita har wajen tsakiyar ciki. Idan uwa na cikin matsanancin rashin aidin, ana iya samun ɓari, ko haihuwar gawa, ko a haifi yaro tsumburarre, kurma, bebe, mai raunin hankali har abada. Idan rashin matsakaici ne, yaron zai taso kamar kowa, sai dai ya yi ta fama da karatu, malami na dukansa da sunan daƙiƙi, alhali matsalar ta faro tun kafin ya zo duniya. Wannan ne ya sa masana ke lissafa ƙarancin aidin a matsayin babban sanadin tawayar ƙwaƙwalwa da ake iya kaucewa. Abin da ya lalace a wannan mataki ba ya gyaruwa daga baya.

Gishiri Ya Zama Garkuwa

Wani Bafaranshe, Bernard Courtois, ya gano aidin a tokar ciyawar teku a 1811. A 1914 Edward Kendall ya tace tairoksin a Amurka. Daga 1917 kuma David Marine ya riƙa ba 'yan mata 'yan makaranta aidin a garin Akron, ya tabbatar da cewa yana hana maƙoƙo. Da aka nemi abin da kowa ke ci kullum, mai kuɗi da talaka, a ɗan ma'auni kusan ɗaya, sai aka ga babu kamar gishiri. Suwizalan ta fara zuba aidin a gishiri a 1922, Amurka ta bi a 1924. A taron ƙoli kan yara da aka yi a birnin New York a 1990, shugabannin duniya suka yi alkawarin kawar da wannan matsala, Nijeriya kuwa ta wajabta sanya aidin a gishirin ci a 1993, shekarar da aka kafa hukumar NAFDAC.

Sai dai dokar masana'anta ba ta kai wa kowane gishiri. Tun zamanin da, fatake ke shigo wa ƙasar Kabi da gishirin kwarin Foga na yankin Gaya a Nijar, da kantun Bilma, da manda. Waɗannan suna da matsayinsu a tarihi da kiwo, amma gishirin da aka dafa ko aka haƙa ta hanyar gargajiya ba a zuba masa aidin. Gidan da ya dogara da shi kaɗai, ko da gishirin awo da ba a san asalinsa ba, yana iya komawa gidan jiya ba tare da ya sani ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, akwai abubuwa huɗu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, a sayi gishirin leda mai shaidar cewa an sa masa aidin, a zuba shi a mazubi mai murfi, nesa da rana da laima da zafin murhu, domin waɗannan na rage masa ƙarfi. Na biyu, kada a ƙara yawan gishiri da sunan neman aidin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 a rana saboda hawan jini. Na uku, aidin ɗin da ake shafa wa rauni ba na sha ba ne, yana iya yin mummunar illa. Na huɗu, ba kowane kumburin wuya ne na rashin aidin ba. Wani na yawan aikin tairod ne, wani ƙari ne da ke buƙatar tiyata. Wanda ya ga kumburi, musamman mai tauri, ko mai saurin girma, ko mai shaƙe murya da hana haɗiya, kada a tsaga shi ko a yi masa ƙaho. A garzaya babban asibitin Argungu ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, domin likita ya duba, ya ba da umarnin auna TSH a jini.

Ga ɗalibanmu kuwa, idan kun je hutu, ku leƙa madafin gidanku ku ga irin gishirin da ake sa wa miya, musamman in akwai amarya ko mai juna biyu a gidan. Ku yi wa iyaye bayani cikin ladabi. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.