Darasi: Idan Saƙon Imel Mai Nauyi Ya Ƙi Sauka

Saƙon imel na rubutu zalla ba shi da nauyi, nan take yake buɗewa. Amma da an maƙala masa hotuna, ko bidiyo, ko takardun makaranta, sai ya yi nauyi. Ana auna nauyin da megabait, a rubuce MB. Wajen MB dubu ne ke yin gigabait ɗaya, wato GB.

To, ka taɓa fayil ɗin, 'yar da'irar nan tana ta juyawa, abu ya ƙi sauka. Kada ka yi ta dannawa. Sau da yawa idan ya katse daga farko yake komawa, datarka ce ke tafiya a banza.

Fara duba data da sabis. Datar da ta isa gaisuwa a WhatsApp ba lallai ta ɗauki fayil mai MB 20 ba. Idan sabis ne ya yi ƙasa, fita fili, ko ka bari sai dare ya yi.

Sai wurin ajiya, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa, domin ma'ajiyar biyu ce. Akwai ta cikin wayar. Idan bidiyoyin biki da na zaurukan WhatsApp sun cika ta, sabon fayil ba shi da wurin zama, kamar rumbun da ya cika maƙil. Goge abin da ba ka buƙata. Akwai kuma ta akwatin imel ɗin kansa. Gmail yana ba kowa GB 15 kyauta, kuma Google Drive da Google Photos duk a ciki suke ci. Idan ta cika, sabon saƙo ba zai ma shigo ba, wurin mai aikowa zai koma. Abin da ka goge yana kwana 30 a kwandon shara yana tare wuri, don haka shiga can ka kwashe shi.

Wani lokaci matsalar daga mai aikowa take. Gmail ba ya barin a maƙala abin da ya wuce MB 25. Ka ce masa ya raba hotunan gida biyu ko uku, ko ya ɗora su a Google Drive ya turo maka mahaɗin.

Fayil ɗin da ya zo daga wanda ba ka sani ba kuwa, kada ka sauke shi, ko da an ce takardar ɗaukar aiki ce. Nuna wa malaminka tukuna.