DARASIN LAFIYA: CIWON TSOKAR BAYAN CINYA

'Yan'uwa manoma, a bayan cinyar kowannenmu akwai dogayen tsoka guda 3. Sun taso daga ƙashin da muke zama a kansa, suka sauka har ƙasan gwiwa. Su suke lanƙwasa gwiwa, su ne kuma suke riƙe mu sa'ad da muka sunkuya da garma ko fartanya. In mutum ya zabura da gudu yana korar akuya, ko santsi ya kwashe shi a fadama ƙafa ɗaya ta yi gaba, tsokar takan yage. Nan take sai ya ji kamar an soke shi.

Ƙaramin rauni yakan warke cikin mako 1 zuwa 3. In yagewar ta yi zurfi, sai mako 4 zuwa 8. Wadda ta tsinke sarai takan ɗauki watanni, wani lokaci ma sai an yi aiki a asibiti.

Ga inda muke kuskure. Da zafi ya lafa sai mu ce an warke, mu saɓi garma. Amma sabon naman da ya haɗe wurin bai yi ƙwari ba tukuna, kamar dashen da bai kama ƙasa ba. Don haka ciwon yakan dawo, na biyun kuwa yakan fi na fari daɗewa.

Matakan jiyya

Ma'aikatan gashin ƙashi na asibiti suna bi da ciwon nan hawa-hawa. Mu ma muna iya bin yawancinsa a gida.

1. Kwana 2 zuwa 3 na fari: a huta. A sa ƙanƙara cikin tsumma, ko tsumman da aka jiƙa da ruwan randa, minti 15 zuwa 20, kowace awa 2 ko 3. A naɗe cinya da zane, ba tamau ba. Kada a gasa da ruwan zafi, kada a murza, kada a yi ƙaho ko tsaga, gama duk suna ƙara zubar jini a ciki.

2. Zafi ya ragu: a riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, da sanda in ya kama. A kwanta rigingine a tabarma, gwiwa a ɗan lanƙwashe, a danna diddige ƙasa, a ƙirga 5, a saki. A yi sau 10.

3. Tafiya ta daidaita: a kwance rigingine, tafin ƙafa a ƙasa, a ɗaga kwankwaso sama, a sauke a hankali. In ya yi sauƙi, a yi da ƙafar mai ciwo kaɗai.

4. Na ƙarshe: a durƙusa, wani ya riƙe idon sawu, a riƙa zubowa gaba sannu-sannu, a tare ƙasa da hannu. Wannan ne yake ƙarfafa tsoka, yana kuma rage komowar ciwo.

Ɗan ja a tsoka ba laifi. In an ji suka, a koma matakin baya. Kada a koma huɗa sai ana iya sunkuyawa, da hawan tudu, da sassarfa ba zafi, ƙafar kuma ta kai ɗaya ƙarfi.

A tafi asibiti ba jinkiri in an ji ƙara lokacin raunin, ko an kasa takawa, ko bayan cinya ya yi baƙi sosai, ko akwai rami ƙasan mazaunai, ko ƙafa ta mutu da mirmiri, ko sha-raɓa ta kumbura.

Mun sani damina ba ta jiran kowa. Abin da yake mai da mai ciwo gona tun bai warke ba, tsoron ciyawa ne. Nan ne amfanin ƙungiya. Gayyar yini 2 ta fi araha da ɗan'uwa ya rasa damina ɗungum.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Me ya sa lafawar zafi ba ita ce warkewa ba?
2. Wane shiri muke da shi domin gonar wanda ya ji ciwo?