Amsar Wasiƙunku: Yaro Mai Farfaɗiya da Bushewar Ciki

Wasiƙar farko ta fito ne daga wata uwa a Kano. Ta ce ɗanta na fama da farfaɗiya, magani ya ƙi ci, sai likitoci suka ɗora shi kan abincin kito. Faɗuwar ta ragu, amma yanzu yakan yi kwanaki bai zaga ba, ga tashin zuciya. Tana tambaya, shin ta daina?

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Don Allah kada ki daina da kanki, domin yankewa farat ɗaya na iya dawo da faɗuwar.

Wannan tsari tsohon magani ne. Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya fito da shi a 1921. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da yaro ke samu daga mai yake fitowa, an janye masa tuwo, shinkafa da burodi. To, dusar hatsin nan ita ke tura bayan gida, shi kuma mai yakan daɗe a ciki bai sauka ba. Shi ya sa bushewar ciki ta fi kowace matsala yawa, sai ƙwannafi da amai. Wanda ake ba wani mai da ake kira MCT kuwa, zawo da murɗar ciki ya fi samu.

Ga inda nake so ki saurare ni da kyau. Kaka za ta ce a jiƙa masa tsamiya, maƙwabciya ta kawo zuma ko dabino, kowa da kyakkyawar niyya. Amma duk akwai sukari a ciki, kuma kaɗan ya isa ya rushe aikin. Har maganin ruwa mai zaƙi na kemis, kada a ba shi sai an tambaya.

Ki yawaita masa ruwa, ki rarraba abincin kaɗan-kaɗan. Ki nemi mai tsara masa abinci ya sa alayyafo, kabeji ko fiya cikin ma'auninsa. Akwai kuma maganin sakin ciki marar sukari da likita ke rubutawa.

In kuwa amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon ciki ya tsananta, ko jikinsa ya saki, musamman in yana shan maganin valproate, Hajiya, kada ki jira ranar ganin likita. Ki kai shi asibiti nan take.